Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga daraktoci da shugabannin sassa na ma'aikatun Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu daraktoci, mataimakan daraktoci, shugabannin sassa, da duk wanda Allah ya ɗora wa mutane a ƙarƙashinsa a ofis, cikin garin Sakkwato da ƙananan hukumominmu 23, ranku shi daɗe. Ina gaisuwa, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne, shekarata 16 ina aikin gwamnati, ban kai kujerar da kuke kai ba, kuma wallahi ban rubuto wagga takarda don in ci mutuncin kowa ba, shi ya sa ba zan kama sunan ma'aikata ko sunan mutum ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya tashe ni shi ne kwanaki anka tara mu taron bita kan yadda ma'aikata za su riƙa aiki tare, anka kawo mai lacca ya yi bayani mai kyau, to wajen rufe taro sai wani babba ya tashi ya ce shi a ganinsa matsalar guda ce, ma'aikatan yanzu ba su da haɗin kai, kowa kansa ya sani, ba su son aiki sai alawus. Mutane sunka tafa. Ni kam na koma gida maganar tana cina har na kasa barci da wuri, don na san mutanen da ake faɗa wa haka, da su nake zama kullum tun safe har la'asar, kuma na san ba haka suke ba.

Ranku shi daɗe, ku bari in fara da abin da kowa ya gani da idonsa. Bara wani direbanmu matarsa ta kwanta asibiti ana neman jini da kuɗin aiki cikin gaggawa, kafin a yi sallar azahar an buɗe guruf a WhatsApp, mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya yana rubuta sunan duk wanda ya bayar da abin da ya bayar yana turawa kowa na gani, samari uku sunka hau mashin sunka tafi ba da jini, mata sunka raba kwanakin kai abinci a tsakaninsu ba wanda ya ce musu ku yi. Ba takarda, ba umurni daga sama, ba wanda ya jira a sa hannu. Da yamma an gama komai har da canjin da ya rage anka faɗi nawa ne anka miƙa masa. To waɗannan mutanen su ne dai waɗanda in anka ce a haɗa rahoton wata uku sai a yi sati biyu ana jan ƙafa kowa yana cewa ba aikinsa ba ne. Mutane ɗaya, hali ɗaya, gini ɗaya. Mi ya bambanta? Ni abin da na gani shi ne a wancan aikin kowa ya san abin da ake nema, kowa ya san nasa kason, kuma kowa yana ganin lissafi a fili, ba wanda yake tsoron cewa zai sha wahala wani ya kwashe ladar.

Mu da munka tashi ƙauye mun san gayya. Mai gona zai kira, a fito da safe da fartanya a jera kunya kunya, mai ganga yana bi yana kiran sunan wanda ya yi gaba yana zuga wanda ya rage baya, in rana ta take a zauna inuwa ɗaya a sha fura ƙwarya ɗaya, kuma mai gonar ba ya zama kan tabarma yana nuni da sanda, yana cikin kunya kamar kowa. Abin da ke riƙe da gayya kuwa kowa ya san shi, yau gonarka gobe tawa. Ranar da anka gane akwai wanda kullum shi ake yi wa amma in an zo tasa rana ta zuwa gonar wani sai ya ɓace, to ya kashe gayyarsa da hannunsa, ko ya yanka sa ba za a fito ba. Ba wanda zai ce mutanen garin sun zama ragwaye. An dai daina yarda da shi ne.

Yanzu ga abin da ya faru a sashenmu, kuma shi ne ainihin dalilin wagga wasiƙa.

Azumin 2022, wanda ya faɗo cikin watan Afrilu, kun san yadda Sakkwato take a lokacin, zafi ya haura digiri 40, iska ma in ta kaɗo kamar daga bakin murhu. Anka ce ana son wani babban rahoto daga sama cikin kwana huɗu. Mu 11 ne a sashen. Wuta ba ta zama, man janareta ya ƙare kuma ba a saki kuɗi ba, sai munka yi karo-karo munka sayo. Akwai wata yarinya ƙanwarmu da ba ta fi shekara biyu da kama aiki ba, ita ta fi kowa iya kwamfuta a cikinmu, ita ta riƙa shigar da alƙaluma tun safe har sai an kusa shan ruwa, ta koma gida ta yi girki ta ci gaba da dare a kan tata kwamfutar da tata data. Akwai dattijon masinjanmu, Baba muke ce masa, shi ya riƙa zagaya ofis ofis da ƙafa yana haƙo tsofaffin fayil, wasu ma shi kaɗai ya san inda suke don tun kafin a haifi wasunmu yake wurin. Direba ya je ƙananan hukumomi uku rana ɗaya da azumi a bakinsa ya karɓo takardun da ba a turo ba. Munka gama ranar da anka ce. Wallahi ranar nan na ji daɗin aikina, mun sha ruwa tare a barandar ofis da dabino da kunu, har Baba yana ba mu labarin yadda ake aiki zamanin tafireta.

Rahoto ya tafi, anka yaba. Mu ba mu ji yabon daga bakin oganmu ba, a bakin wani ɗan wani sashe munka ji cewa an yaba har an ambaci sunan oga a miting. Ba komai, shi ne shugaba, sunansa ya kamata a kira, amma da ya dawo ya tara mu minti biyar ya ce an gode, an ce kun yi ƙoƙari, da ya wadatar. Bai yi ba. Bayan salla sai ga takardar horo a Abuja kan irin wanga aikin daidai, mutum biyu ake so, da kuɗin hanya da na kwana. Ba mu ma san ta zo ba sai da munka ga hotuna a status. Waɗanda sunka tafi, ɗaya ko kwana ɗaya bai yi da mu a aikin ba, ɗayan kuma ba ma ɗan sashenmu ba ne. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi, haka Baba ya faɗa a hankali yana kaɗa kai, bai ƙara komai ba.

Duk wannan da an haƙura. Abin da ya karya mu shi ne na bayansa. Wata biyu da wucewa anka gano kuskure a wani jadawali cikin rahoton, alƙaluman ƙaramar hukuma guda sun shiga gurbin wata. Sai ga kweri, sunan yarinyar nan a kai, wai ta yi bayani cikin awa 24 dalilin da zai hana a hukunta ta. Alhali ni shaida ne, kuma ba ni kaɗai ba, tun rana ta uku ta lura takardun da anka ba ta ba su yi daidai ba, ta tashi ta shiga ofishin oga da ladabi ta ce Yallaɓai akwai abin da nake son in nuna maka, ya ce mata ba a tambaye ki ba, ki shigar da abin da anka ba ki. Ta fito idonta ya cika da hawaye ta zauna ta shigar. Ranar da kweri ta zo mun je mu uku munka tuna masa, ya ce shi bai tuna an yi haka ba.

Tun daga ranar ban ƙara jin ta ce ga shawara ba. Tana zuwa kan lokaci, ta yi abin da anka ce, ta tashi kan lokaci. Bayan shekara ɗaya ta samu aiki wata ƙungiya mai zaman kanta ta tafi, kuma ina jin labari can ita ke jagorantar mutane. Mu da munka rage kowa ya koyi darasi ɗaya, kada ka yi gaba, kada ka ga kuskure, in ka gani ka yi shiru, abin da ba a rubuta maka ba kada ka taɓa. Rahoton shekara ta gaba sai da ya ci mako uku kuma bai kai na farko kyau ba. Ranku shi daɗe, ba mutanen ne sunka lalace cikin shekara ɗaya ba. An nuna musu ne cewa in an yi daɗi na wasu ne, in an yi ɗaci nasu ne, su kuma sunka ɗauki karatun.

Na san za a ce ai wannan oga ɗaya ne. Gaskiya ne, kuma na yi aiki ƙarƙashin wanda ya sha bamban da shi, Allah shi saka masa da alheri, ya yi ritaya yanzu. Shi kowace Litinin ƙarfe tara zai tara mu, ba ya wuce minti 20, a tsaye ma wani lokaci. Tambaya uku yake yi, mi munka gama, mi ya tsaya, wa ke buƙatar hannu. Kuma ba ya farawa da manya, daga ƙasa yake farowa, masinja, direba, akawu, ɗan bautar ƙasa, sannan a hauro, shi ne na ƙarshe. Na taɓa tambayarsa dalili ya ce in shi ya fara magana to an gama miting, don ba wanda zai saɓa masa, kowa zai ce haka ne Yallaɓai. A bangon ofishinsa akwai takarda da ya manna da sunayenmu duka, duk wanda ya je bita ko tafiyar aiki mai alawus sai a sa alama gaban sunansa da kwanan wata, in wata ta zo a duba wa ya dace da ita cikin waɗanda ba su je ba. Ba kullum ake bin layi ba don wani horon sai mai wani ilimi, amma in zai tsallake ka zai kira ka ya gaya maka dalili kafin ka ji a waje. Sau ɗaya munka yi kuskure babba a wata takarda da ta riga ta fita, anka kira shi sama, ya ce ni na sa hannu, laifina ne. Ya dawo ya rufe ƙofa ya yi mana faɗa sosai, munka zauna munka gano inda abin ya ɓaci munka gyara. Mutumin nan in ya ce a kwana ofis ana kwana, ba don tsoro ba.

Abin da yake yi ba sabon abu ba ne a wurinmu. Allah ya ce wa Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ka yi shawara da su cikin al'amari, yana nan cikin Ali Imrana aya ta 159. A Badar Hubabu ɗan Munzir ya tambaya ko wurin da anka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da anka ce dabara ce ya ce to a matsa gaba kusa da ruwa, kuma anka matsa. A shekara ta 5 bayan hijira Salmanul Farisi, baƙo daga wata ƙasa, shi ya kawo shawarar haƙa gwalalo, anka karɓa, kuma Manzon Allah da kansa ya shiga haƙa yana ɗaukar ƙasa. In wanda wahayi ke sauka gare shi ya saurari na ƙasa da shi, ina dalilin da zai sa darakta ya ce wa ƙaramar ma'aikaciya ba a tambaye ki ba?

Nan garin ma da muke taƙama da shi ba mutum ɗaya ya gina shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai riƙe komai a hannunsa ba, ga Malam Abdullahi ƙanensa, ga Muhammadu Bello wanda ya kafa Sakkwato a 1809, ga Aliyu Jedo a fagen yaƙi, ga tutoci da anka ba malamai sunka tafi Katsina da Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa kowa da amanarsa. A 1812 Shehu ya raba gudanarwa, yamma ga Abdullahi gabas ga Bello, shi ya koma ga karantarwa. Nana Asma'u kuma ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajoji mata suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su karantar. Mu da ke wucewa ta Hubbare kullum bai kamata a ce a ofisoshinmu mutum ɗaya ke riƙe da makulli da fayil da lambar sirrin kwamfuta ba, in ya yi tafiya Kaduna aiki ya tsaya cik sai ya dawo.

Inda ni na ga aiki tare da idona a aikin hukuma shi ne rigakafin shan inna, na yi shekaru ina fita a matsayin mai duba tim tim. Tim ƙarama ce, mai ɗiga magani, mai rubutu, da mutumin mai unguwa da ya san kowane gida da mai shi. Kowa ya san aikinsa ba sai an gaya masa ba, wagga ta ɗiga digo biyu ta shafa alama a ɗan yatsa, waccan ta rubuta ta yi alama da alli a bango, dattijo ya yi sallama ya yi magana da maigida. Amma abin da ya fi burge ni shi ne zaman da ake yi kowace yamma a ƙaramar hukuma a duba aikin ranar. Nan za a ce unguwa kaza gida kaza sun ƙi, ƙanƙarar da ke sanyaya magani ta narke wa tim kaza tun kafin azahar, rugar kaza ba a kai gare ta ba. Ba a jira ƙarshen wata, a daren za a san wa zai je wurin hakimi, wa zai samu liman, wa zai ƙaro ƙanƙara, da safe an gyara. Wanda ya kawo rahoton matsala ba a ɗaukarsa mai laifi, wanda ya ɓoye ta shi ne abin tsoro, don gida ɗaya da anka ɓoye yana iya zama yaro ɗaya da zai shanye. Sarakuna sunka shigo da ƙarfinsu, kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko da anka kafa a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya taka rawa babba, har Allah ya kai mu 25 ga Agusta 2020 ranar da anka bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Akwai sauran aiki da wani nau'in, shi ya sa har yau ake fita, amma wancan an yi shi, kuma da 'yan matan unguwanninmu da dattawanmu anka yi shi, irin mutanen da ake cewa ba su da haɗin kai.

Masu bincike ma abin da sunka gano ke nan. Wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta yi nazari kan ma'aikatan asibiti da kuskuren ba da magani, tana zaton rukunin da ya fi iya aiki tare shi zai fi ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta tarar su ne ma sunka fi kai rahoton kuskure, ba don sun fi yi ba, don dai su ba su tsoron faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2008 ta fito da wata takardar dubawa mai abu 19 da ake bi a ɗakin tiyata, ciki har da cewa kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har ƙaramar nas. Da anka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban daban mutuwa bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Wanda anka ba dama ya buɗe baki tun farko ya fi samun ƙarfin halin cewa Yallaɓai tsaya, akwai matsala. Da ƙanwarmu ta samu wagga dama da ba a yi kweri ba, da ba a ma yi kuskuren ba.

Akwai wani abu kuma da nake roƙon ku duba, shi ne inda ake yanke shawara. Sau da yawa miting na ofis suna ne kawai, an riga an gama magana da dare a majalisa ko a falon oga tsakanin mutum uku huɗu da sunka saba. To matan da muke aiki da su ba su zuwa majalisa, kuma bai kamata a ce sai sun je ba. Abokan aikinmu da ba 'yan gari ba, Yarbawa da Ibo da mutanen Zuru da sauransu waɗanda wasu an haife su nan wasu sun fi shekara 20 suna yi wa jihar nan hidima, su ma ba su cikin zaman. Sai da safe su ji an ce an yanke. Haka in an zo miting a juye zuwa Turanci zalla Baba masinja da direba su zama 'yan kallo, ko a juye Hausa mai zurfi ɗan bautar ƙasa da ya zo daga kudu ya yi ta murmushi bai san mi ake ciki ba. Minti biyu ne wani ya fassara. Ga kuma maganar wanga ɗan garinmu ne, wancan ɗan jam'iyyarmu ne, wancan masallacinmu ɗaya, wadda in ta shiga sashe sai ka ga mutum 11 sun zama gida uku kowane gida yana ɓoye wa ɗaya takarda.

Ba zan ce mu ma'aikata ba mu da laifi ba, muna da shi kuma yana da yawa. Akwai mai zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ya sa hannu ya ɓace. Akwai mai kai gulma ofishin oga don ya samu shiga. Akwai wanda ya iya abu amma ba zai koya wa na bayansa ba don kada a daina nemansa, wannan kam yana ci mani rai ƙwarai, don ilimin da gwamnati ta kashe kuɗi ta ba ka ba naka ba ne kai kaɗai. Amma ranku shi daɗe, mai gulma ba ya zuwa inda ba a shimfiɗa masa tabarma. Ranar da ya kawo maka maganar wani ka ce tsaya in kira shi ka faɗa a gabansa, ba zai sake dawowa ba. Mai fashin aiki kuma in anka bar shi don yana da wani a sama, ana kuma loda aikinsa kan mutum biyun nan da kullum su ke zuwa, to kun hukunta masu zuwa ne, kuma wata rana su ma za su gaji.

Ku kuma tuna halin da ake ciki. Tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin kabu-kabu da na mota sun ninka, akwai abokan aikinmu da ke tasowa daga Bodinga da Kware da Wamakko da Dange kullum, wani kafin wata ya raba albashi ya ƙare a hanya. Mutumin da ke cikin wanga hali in an ce masa mu iyali ɗaya ne, zai duba ya ga shin da anka samu ɗan abin rabo an tuna da shi, shin da ɗansa ya kwanta oga ya tambaya, shin an tsara aiki yadda wanda ke nesa ba sai ya zo don takarda ɗaya da za a iya turawa ta waya ba. Alawus ɗin da kuke ganin ƙarami ne a wurinsa buhun gero ne. Shi ya sa rabon tafiya da horo ba ƙaramar magana ba ce, a nan ake gane ko ana tare ko ba a tare.

Ni ban nemi a ƙara ko kwabo a kasafi ba. Ina roƙon ku manna takardar sunaye a bango irin ta ogan nan da ya yi ritaya, kowa ya ga wa ya je wa bai je ba. In takardar horo ta zo a karanta ta a gaban kowa ranar da ta zo. In an yaba aiki a sama ku dawo mana da yabon ku kira sunan wanda ya yi, har a cikin rahoton a rubuta waɗanda sunka haɗa shi. In an yi kuskure a fara tambayar ina abin ya ɓaci kafin a tambayi wa za a ba kweri, kuma wanda ya sa hannu ya tsaya gaban yaransa. Kowane aiki a samu mutum biyu da sunka iya shi. Ku ba mu minti 20 ɗin nan na Litinin, ku faro daga ƙasa, ku yi haƙuri ku saurara ko da maganar ba ta yi muku daɗi ba, don makon farko da na biyu ba wanda zai ce komai, sai an ga wanda ya fara magana bai sha wuya ba sannan baki zai buɗe.

Baba masinja saura 'yan watanni ya yi ritaya. Shekarun nan duka shi ke jera kujerun miting ya kawo ruwa ya fita ya ja ƙofa ya zauna kan benci a waje. Kwanan baya na tambaye shi, Baba in da za a ce ka faɗi abu ɗaya da za a gyara a ofishin nan mi za ka ce, ya ce ɗana ai ba a taɓa tambayata ba, amma fayilolin da ke ɗakin baya gara ta fara cinsu tun damina biyu da sunka wuce, kuma akwai na filaye da na fansho a ciki, na gaya wa mutum uku ba wanda ya leƙa. Na je na duba, gaskiya ya faɗa. Ina roƙon wanda abin ya shafa cikinku, kuma ya san kansa in ya karanta, Litinin mai zuwa a sa wa Baba kujera a ciki, a tambaye shi inda kowane fayil yake, a haɗa shi da yara biyu su rubuta kafin ya tafi. Ƙanwarmu kuma lambarta tana nan ba ta canza ba, kweri ɗin nan har yau tana cikin fayil ɗinta, a cire ta, a kira ta a ba ta haƙuri.

Allah shi taya ku riƙo, shi ba ku ikon sauke amana.

Naku,
wani ƙaramin ma'aikaci,
Sakkwato.